Wa Ya Yaye Mai Fito?

Mu mutanen Rogo ba 'yan ruwa ba ne. Manoma ne mu, 'ya'yan manoma, jikokin manoma. Ka tare yaro ɗan shekara goma a Zarewa ko Fulatan ka tambaye shi yaushe ake sa wa masara taki na biyu, zai ba ka amsa yana tafiya. Amma ka tambayi uban nasa abin da ake yi idan kwale-kwale ya fara shan ruwa a tsakiyar dam, abin da zai ce maka shi ne a yi salati. Salati kam ba a raba Musulmi da shi, sai dai akwai abin da hannu ke yi a lokacin da baki ke salatin, kuma wannan ɗin ne mafi yawanmu ba wanda ya taɓa koya mana.

Ruwan ne ya zo ya same mu har gida. Tun zamanin Gwamna Audu Baƙo aka shiga datse kogunan Kano, aka gama babban dam ɗin Tiga a 1974. Namu ya zo daga baya. Tsakanin 1990 da 1992 kamfanin Julius Berger ya datse kogin Calawa a ƙasar Ƙaraye, da bango mai tsawon kusan kilomita 8 da tsayin mita 42, wanda ke iya tare ruwa sama da kubik mita miliyan 900. Gonaki da fadamu da bishiyoyi suka shige ƙarƙashin ruwa, aka tashi mutane daga gidajen kakanninsu. Hanyar da a da ake bi da jaki a je kasuwa ta koma sai dai jirgi ko dogon zagaye. An kawo injiniyoyin da suka gina bangon, an yi ta maganar noman rani. Amma malamin da ya koya wa talaka tuƙa jirgi, larura ce kawai.

Kawuna, wan mahaifiyata, yana cikin waɗanda ruwan ya cinye wa gona. Yana saurayi a lokacin, ga sabuwar amarya a ɗaki. Da ya rasa abin yi sai ya liƙe wa wani basarke da ya biyo kifi daga ƙasar Kabi, yana ɗaukar masa koma, yana kwarfe masa ruwa daga jirgi. Shekara biyu ya yi yana wannan bauta kafin mutumin ya yarda ya miƙa masa filafili, sannan ya ƙara wata shekarar kafin ya bar shi ya ɗauki mutum. Yau kusan shekara talatin ke nan Kawu yana su, yana kuma fito, wato ƙetarar da mutane da kayansu ranar kasuwa. Bisa ikon Allah bai taɓa zubar da ko akuya ba.

Maganar da ta sa na ajiye sharhin fim a wannan wata ta ɗansa ce, taubashina. Shi ɗan namiji ne, ni ɗan mace, saboda haka duk da na ba shi shekara bakwai, bawansa yake kirana, ni kuma duk watan cika-ciki sai na je karɓar kuɗin shara. Yaron a cikin jirgi ya yi wayo. Ya gama sakandare, ya iya iyo kamar tarwaɗa, kuma shi ne hannun daman ubansa. Duk lokacin da na je gida sai ya miƙo mini wayarsa in zuba masa finafinai, da sharaɗin kada a sa na soyayya. A cikin waɗanda na zuba masa bara har da White Squall.

Ga wanda bai gan shi ba, fim ne na darakta Ridley Scott da ya fito a 1996, Jeff Bridges ne jarumin. An gina shi kan labarin gaskiya na wani jirgin makaranta mai suna Albatross, wanda ke yawo da samari a teku ana koya musu karatu da aikin jirgi, har wata guguwa ta kifar da shi a watan Mayu na 1961, mutum shida suka mutu, ciki har da matar kyaftin ɗin. Masu son faɗa da harbi za su ce fim ɗin yana da sanyi, domin fiye da rabinsa koyarwa ce: ɗaura igiya, hawa sandar jirgi, jin magana ba tare da gardama ba. Ni a wajena nan ne ƙarfinsa yake. Darakta ya sa ka zauna a aji tare da yaran, yadda in guguwar ta zo kai ma ka san abin da ya kamata kowa ya yi. Sannan bai rufe fim ɗin da guguwa ba, ya rufe shi da zaman bincike, inda hukuma ke neman karɓe lasisin kyaftin ɗin.

Wannan zaman binciken ne ya tsaya wa taubashina a rai. Ya ce mini, "Bawana, ka ga abin da na gani kuwa? Ruwa ya ci mutane, aka kira mai jirgi aka zaunar da shi, ana so a karɓe masa takarda. To mu nan in ruwa ya ci mutum talatin, me za a karɓe wa mai jirgin? Ai ba a ba shi komai ba balle a karɓe." Na ce to sai me? Ya ce, "Ni ba tuƙi nake so in koyo ba, wannan Baba ya gama mini. So nake in zama wanda zai koya wa matuƙa, ya gwada su, ya ce wane ya iya, wane bai iya ba tukuna, kuma a yarda da maganarsa saboda shi ma an gwada shi."

Saboda shi na zauna na karanta yadda ake zama irin wannan malami a ƙasashen da suka mayar da abin sana'a. A Ingila akwai ƙungiyar RYA, wadda asalinta ke komawa 1875, ita ke tsara koyar da tuƙin jirgi mai ƙyalle. Shi wannan jirgi ba inji gare shi ba, doguwar sanda ake kafawa a ɗaura mata ƙyalle, iska ta yi aikin. Kada mai karatu ya ɗauka iskar turawa kawai take yi kamar yadda take kumbura zanin da aka shanya. Idan an ja ƙyallen daidai, kuma an zura wani allo ta ƙarƙashin jirgin don kada ya zame gefe, gwani na iya nufar wajen da iskar ke fitowa, ba kai tsaye ba, a karkace, ya yi dama ya yi hagu, kamar mai keke da kaya yana hawan tudu. Abin ya zama wasa babba, yana cikin gasar Olamfik tun 1900, kuma ko a nan ƙasar akwai kulob ɗin masu irin wannan jirgi a Legas tun 1932.

To, a tsarin RYA, iya tuƙi daban, izinin koyarwa daban. Mai son zama malami sai ya kai shekara 16. Kafin a karɓe shi sai an fita da shi kan ruwa an gwada tuƙinsa. Sai ya kawo takardar agajin gaggawa, wato ya san yadda ake farfaɗo da wanda ya sha ruwa. Sai ya kawo takardar tuƙa jirgi mai inji, domin da shi zai riƙa bin ɗalibai don ceto. Sannan ya zauna kwas na kwana 5, a rana ta ƙarshe kuma wani malami daban ne ke zuwa ya duba shi, ba wanda ya koyar da shi ba. Takardar da zai samu shekara 5 take yi, in ta cika sai an sabunta. Daga nan tsani ne. Akwai ƙarin kwas ga mai son koyar da tuƙi mai zurfi, na jirage masu gudu cikin iska mai ƙarfi. Akwai matsayin babban malami, wanda sai mutum ya kai 18 kuma ya daɗe yana koyarwa, shi ke kula da sauran malamai, shi ke cewa yau za a fita ko ba za a fita ba. Can sama kuma akwai masu horar da malaman kansu.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne wani darasi da ake yi wa sababbin ɗalibai. Da gangan ake sa su kifar da jirgi. Suna sanye da rigar ceto, malami na gefe, a ce su juye shi. Su faɗa ruwa, su ƙirga juna, su riƙe jirgin kada su rabu da shi, su tayar da shi, su koma ciki. A maimaita har tsoron ya fita. Haka kuma ana jefa wani abu cikin ruwa a matsayin mutum ya faɗa, a ce ɗalibi ya juyo da jirgi ya tsaya daidai gefensa ya ɗauko shi. Dalilin a fili yake: ranar da abin ya faru da gaske, ba ranar ce mutum zai fara koyo ba.

Na san wani zai ce ina ruwan Rogo da wasan masu kuɗin Ingila? Ruwanmu biyu. Na farko shi ne tsanin nan, wanda ba ruwansa da ko jirgin na ƙyalle ne ko na filafili ko na inji. Na biyu shi ne ƙyallen kansa. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Mai jirgin inji da ke sayen man nan ta ina zai fanshe? Ta ƙara fasinja. Ka ga tsadar mai ta koma lodi, lodi kuma shi ne ke kifar da jirgi. Alhali masunta a tafkin Biktoriya da gaɓar Lamu da Zanzibar, da masu jirage a kogin Nilu, har gobe da iska suke tafiya. Mu ma duk hunturu iskar nan tana kaɗawa a kan Calawa wata da watanni, kyauta, ba mai amfani da ita sai masu sheƙar dawa.

Da yaron ya kai wa ubansa maganar yana so ya tafi karatu ya samo takarda, Kawu bai yi masa faɗa ba. Ni ya aika aka kira, tunda ya san inda hayaƙin ya taso. Ya ce, "Kai ɗan nan, zauna. Ita takardar da kuke magana, tana iyo?" Na ce a'a, Kawu. Ya ce, "Shi wanda zai ba shi takardar, ya taɓa kwana a kan ruwa? Ya taɓa ganin hadari ya taso yana tsakiyar dam da mata da goyo?" Na yi shiru. Ya ce, "Ku 'yan boko haka kuke. Ku zo ku tarar da mutum ya shekara talatin yana abu, ku ce bai iya ba sai ya biya kuɗi kun buga masa hatimi. Sannan in yaron nan ya tafi, wa zai riƙe mini gaban jirgi? Kai?"

Maganarsa ba ta banza ba ce, kuma ni da na yi difloma na fi kowa sanin haka. Na zauna aji ɗaya da waɗanda suka fita da sakamako mai kyau ba su iya komai ba. Mun san takardun da ake saye, mun san lasisin tuƙin mota da ke zuwa gida mai shi bai taɓa zama gaban mai gwaji ba. Idan irin wannan takarda za a kawo bakin ruwa, gara a bar mu yadda muke, domin za ta ƙara wa talaka haraji ne kawai ba ta ceci ran kowa ba.

Amma washegari ranar kasuwa ce, na bi Kawu fito, kuma abin da na gani shi ya ba ni amsar da na rasa. Kafin kowa ya hau sai da ya tsaya ya daɗe yana kallon gabas, domin daga can hadarin farkon damina ke tasowa, yawanci da la'asar, kuma iskar da ke gabansa ta fi ruwan haɗari. Buhuna ya fara sakawa, a ƙasa, a tsakiya. Ya zaunar da masu nauyi gefe da gefe daidai. Ya sa tafin hannunsa a jikin jirgin daga waje ya auna tsakanin bakin jirgi da ruwa, da ya ga abin ya kusa kai iyakarsa sai ya ce sauran su jira sahu na biyu. Wani mai babur ya yi ta magiya har da ƙarin kuɗi, Kawu ko kallonsa bai yi ba. Ya ce wa fasinja ba mai miƙewa tsaye, ko me ya faru. A hanya kuma sai lanƙwasa yake yi a wuraren da ni ban ga komai ba. Da na tambaya ya ce nan tsamiya ce, can kuka ce, kututturansu na nan ƙarƙashi tun kafin ruwa ya zo, in ruwa ya ja baya da rani su ke fasa jirgi.

Duk abin da na karanta a tsarin Turawan nan, sai ga shi a hannun mutumin da bai yi ko aji ɗaya ba. Nauyi a ƙasa don kada jirgi ya yi ta rangaji. Tazara tsakanin bakin jirgi da ruwa don igiyar ruwa ta samu inda za ta tsaya. Kwarfe ruwa da wuri, domin ruwan da ya taru a ciki gefe guda yake gangarawa ya ƙara karkatar da jirgi. Hana mutane ruɗewa su taru a gefe ɗaya. Kawu babban malami ne, manhajarsa ce kawai ba a rubuce ba, ɗalibansa kuma 'ya'yansa ne kaɗai.

A daidai wurin da Kawu ke ɗaure jirginsa akwai wani matashi. Bara waccan ya sayar da masara ya sayi jirgi da inji, washegari ya fara ɗaukar mutane. Ba mugu ba ne, abinci yake nema kamar kowa. Jirginsa ya fi sauri, ya fi ɗaukar mutane, kuma duk wanda Kawu ya ce ya jira sahu na biyu, wajensa yake komawa. Na tambayi kaina, baƙuwar da ta zo biki daga Kano da 'ya'yanta uku, ta yaya za ta bambance waɗannan mutum biyu? Duka rigarsu ɗaya, jirginsu iri ɗaya. Tela ma in ya gama koyo ana yi masa bikin yaye a gaban jama'a, a san wane ne ya yaye shi, alhali in ya ɓata aiki yadi kawai aka yi asara. Mai ɗaukar rai arba'in fa, wa ya yaye shi? Da muka dawo na ce, "Kawu, takardar nan ba don a ce ba ku iya ba ce. Don a san ku ne kuka iya." Bai amsa ba, ya ci gaba da naɗe igiyarsa.

Mai karatu ya san ba tatsuniya nake yi ba. A ranar Talata 30 ga Nuwamba, 2021, jirgi ya taso daga Badau zai ƙetara dam ɗin Watari zuwa Ɓagwai, cike da ɗaliban Islamiyya masu zuwa Mauludi. Ya kife, aka tsamo gawa aƙalla 29, mafi yawansu ƙananan yara. Abin da aka fi ɗora wa alhaki shi ne lodi fiye da ƙima. Nan cikin jiharmu ke nan, a kan dam irin namu, tsakanin manoma irinmu. A watan Yuni na 2023, a ƙasar Patigi ta jihar Kwara, 'yan biki sama da 100 suka halaka a kogin Neja suna dawowa cikin dare. Kullum labarin ɗaya ne: lodi, dare, tsohon jirgi, kututture, ba rigar ceto. Kullum kuma ta'aziyyar ɗaya ce, a ce kwana ne ya ƙare. Gaskiya ne, ba mai wuce ranarsa. Amma addinin da ya koya mana yarda da ƙaddara shi ya koya mana ɗaure raƙumi kafin tawakkali.

Ba wai babu doka ba ce. Akwai hukumar NIWA mai kula da sufurin ruwa na cikin gida, wadda aka kafa a 1997 da hedikwata a Lokoja. Akwai dokar sufurin ruwa ta 2023 da aka ƙaddamar a 2024, wadda ta wajabta rigar ceto, ta hana lodin wuce ƙima da tafiyar dare. An kafa ma'aikata guda ta harkokin ruwa a 2023, kuma a 2025 ta raba dubban rigunan ceto a jihohin da ke bakin manyan koguna. Ta fuskar makarantu, akwai kwalejin tarayya ta ilimin kifi a Sabuwar Bussa kusa da tafkin Kainji, akwai kuma makarantar ma'aikatan jiragen teku a Oron ta jihar Akwa Ibom. Hatta a wasa ba a bar mu a baya ba, Ayomide Bello ta tuƙa wa Nijeriya kwale-kwale a gasar Olamfik ta Tokyo da aka yi a 2021, ta sake zuwa ta Faris a 2024. Sai dai doka ba ta tsayawa a bakin ruwa ranar kasuwa, mutum ke tsayawa. Rigar ceto kuma, in ba wanda ya nuna maka yadda ake ɗaure ta, matashin kai take zama. Tsakanin Lokoja da bakin Calawa akwai wawakeken giɓi, kuma mutumin da zai cike shi shi ne irin wanda taubashina ke so ya zama: ɗan gari, mai jin yaren mutane, wanda masu fito ba za su raina iyonsa ba, hukuma kuma ba za ta raina takardarsa ba.

Mu Hausawa ma ba baƙi ba ne ga wannan tsari. Muna da sarautar Sarkin Ruwa. A Argungu, inda ake bikin kamun kifi tun 1934, ba mai faɗawa Matan Fada sai Sarkin Ruwa ya ba da izini. To me zai hana masarautar Ƙaraye, wadda dokar 2024 ta bar mata Ƙaraye da Rogo, ta tara dattawan fito irin su Kawu tare da ƙananan hukumomin biyu da jami'an NIWA, a zauna a rubuta abin da suka sani? A zana taswirar kututturan nan tun masu saninsu na raye. A shafa wa kowane jirgi fenti a inda ruwa bai kamata ya wuce ba, yadda ko yaro zai iya gani ya ƙi hawa. A tura samari biyu ko uku su samo horon ceto da agajin gaggawa da koyarwa. Sannan duk mai son fara fito ya zauna ƙarƙashin wani na tsawon lokaci, ranar gwajinsa kuma wani dattijon daga wata tashar ya zo ya duba shi, ba ubangidansa ba. A kifar da jirgi a gabansa a wurin da ba zurfi, a ga abin da zai yi.

Yanzu bari in juyo kanmu, mu 'yan fim da masu kallo, domin mu ma jirgi ɗaya ya kwaso mu. A ranar 10 ga Afrilu, 2024, jarumin finafinan Kudu Junior Pope ya mutu a kogin Neja tare da ma'aikatan fim huɗu, suna dawowa daga lokeshin. Bidiyon da ya ɗauka da kansa a cikin jirgi kafin rasuwarsa ya nuna shi ba rigar ceto. Ƙungiyar 'yan wasa ta ƙasa ta dakatar da ɗaukar fim a kan ruwa bayan nan, amma ihu ne bayan hari. Mu a nan Arewa sau nawa muka ga jarumi da jaruma a cikin kwale-kwale a Tiga suna rera waƙa, ita da leshi da gwaggwaro, shi a tsaye yana buɗe hannuwa? Mai ɗaukar hoto yana wani jirgin da kyamarar miliyoyi, an ɗaure ta da kyau don kada ta faɗa ruwa, shi kuwa ko oho. Ya kamata MOPPAN da Hukumar Tace Finafinai ta Kano su mayar da shi ƙa'ida: duk fitowar da za a ɗauka a kan ruwa sai da gwanin ruwa a wurin, da jirgin ceto a gefe, da riguna ga duk wanda ba ya gaban kyamara.

Akwai kuma abin da muke nuna wa mutane. Jirgin Titanic ya nutse a watan Afrilu na 1912, mutum sama da 1,500 suka mutu, domin ƙananan jiragen ceto 20 da ke cikinsa kusan rabin mutanen kawai za su iya ɗauka. Cikin shekara biyu, a 1914, ƙasashe suka rattaba hannu kan yarjejeniyar kare rayuka a teku. Mu da fim ɗin James Cameron na 1997 ya iso mana, soyayyar muka ɗauka, har aka yi mana namu, Masoyiyata, a 2003. Ba laifi, soyayya ma abar so ce. Amma marubutanmu na littafi da na fim, ga labari kwance a ƙofar gida: uba mai ilimin da ba takarda, ɗa mai son takardar da za ta tsare ilimin, da maƙwabci mai sabon inji. Ba sai an je Indiya aro ba. Kuma fitowa ɗaya tak da jarumin da yara ke so zai ɗaura rigar ceto kafin ya hau jirgi, ya ƙi hawa wanda aka cika, za ta yi aikin da sanarwar rediyo ta shekara ba za ta yi ba.

Inda maganar gidanmu ta tsaya shi ne, bayan sati uku Kawu ya aiko mini da saƙo ta bakin mahaifiyata. Ya yarda yaron ya nemi makarantar Sabuwar Bussa in an gama girbi, da sharaɗi biyu. Na farko, kafin ya tafi sai ya koya wa ƙanensa riƙe gaban jirgi har shi Kawu ya gamsu. Na biyu, duk abin da ya karanto, in ya dawo sai ya fara kawo shi gaban ubansa a gwada a kan ruwa, abin da ya tsaya a koya wa mutane, abin da ya nutse a bar shi can. Yaron ya riga ya sayi littafi mai bango mai kauri, kullum da yamma yana bin uban da tambaya yana rubutawa, uban yana yi yana mita. Kuɗin makaranta ne ba su haɗu ba tukuna, kuma an riga an sanar da ni cewa bawa ma yana da kaso a ciki.

Kai kuma mai karatu, in tafiya ta kai ka bakin ruwa, a Calawa ne ko Tiga ko Watari ko Yawuri, dubi tazarar da ke tsakanin bakin jirgi da ruwa kafin ka sa ƙafa. In ka ga ta yi kaɗan, ka jira sahu na biyu, ka kuma riƙe hannun yaron da ke kusa da kai ko ba naka ba ne. Ka tambayi mai jirgin wa ya koya masa, ba rashin kunya ba ne. Ranar da fasinja suka fara wannan tambaya, ranar masu jirgi za su fara neman amsarta. Allah ya jiƙan yaran Badau da duk waɗanda ruwa ya ci, ya ba iyayensu haƙuri, ya tsare na kan ruwa da na tudu.